Kawu Ya Rasu a Mubi, Yana Samun Sauƙi a Yola

Ranar da muka yi rashin Kawu, ƙanin mahaifiyata, duk wanda ya zo gaisuwa sai da ya ce mutumin kirki ne, amma ban ji mutum biyu da bakinsu ya zo ɗaya a kan aikin da yake yi ba. Ina zaune a tsakar gida cikin mata, kusa da Dada, mahaifiyata, ina sauraronsu. Wata tsohuwa daga Gude ta ce mai gyaran rediyo ne, ita ce shaida, ta taɓa kawo masa tata. Gaskiya ta kawo, kuma har ranar rediyon tana kan durowarsa ba ta ce uffan ba. Wata ta ce a'a, likita ne, tunda a asibiti yake wuni. Daga rumfar maza muna jiyo wani maƙwabci yana rantsuwa cewa ma'aikacin kamfanin waya ne. Da gardamar ta yi tsawo aka juya ga matar Kawu. Ta share idonta da gefen mayafi ta ce, "Ni dai abin da na sani, in ya shigo ya ce kore ne, zai ci abinci. In ya ce ja ne, in rufe masa kwano."

Matan suka gyaɗa kai kamar sun gane. Dada kuwa carbinta kawai take ja.

Ina rubuta wannan ne don kada a bar shi a matsayin mai gyaran rediyon da bai iya gyara ba. Akwai kuma wani dalilin, wanda har yanzu in na tuna shi kaina yakan ɗaure. A Mubi muka binne Kawu, amma a Yola ya ci gaba da rayuwa a rubuce, kwance a gadon asibiti, wai yana samun sauƙi. Da Dada ta ji, ta ce kada wanda ya taɓa wannan rubutu. Ni kuma aka ce dole in gyara shi, da hannuna, ba wani ba.

Ni nas ce a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Mubi, wanda yake da reshe a Yola da ya fi namu girma. Kawu shi ke kula da inda ake ajiye bayanan marasa lafiya na rassan biyu. Ba kati ba ne, ba fayil ɗin takarda ba. Wasu baƙaƙen akwatuna ne masu ƙananan fitilu, a wani ɗaki mai sanyi a bayan asibitin, da kuma wasu irinsu a Yola. Duk abin da na buga a kwamfutar ɗakin jinya can yake zuwa ya kwanta. Na daɗe iyakar sanina ke nan, kuma ba zan yi ƙarya in ce yau na gane sauran duka ba.

Asalin abin daga shekarar da mahara suka shigo aka watse daga garin nan ne, wadda ba mai son tuna ta. Lokacin Kawu yana aiki a Kaduna. Da muka dawo muka tarar da ɗakin kati ba rufi. Abin da wuta ta bari ruwa ya jiƙa, abin da ruwa ya bari gara ta gama da shi. Akwai wata yarinya mai sikila da muke dubawa tun tana goye. Uwarta ta kawo ta tana murƙususu, aka tambaye ta wane magani ne ba ya karɓar yarinyar, ta ce wani fari ne ƙarami. To rabin maganin da ke asibitin fari ne ƙarami. Yarinyar ta tsira, amma da ƙyar. Na ba Kawu labarin a waya, ba don ya yi wani abu ba, don dai in rage abin da ke raina. Ya ce, "To." Kafin damina ta zagayo ya ajiye aikinsa ya dawo gida, ya samu mai asibitin ya ce masa daga yanzu ba abin da zai sake kwana a wuri ɗaya.

Ya sha yi mini bayani a kan tabarma, muna cin tuwo, hannunsa na dama cikin miya, na hagu yana zana layi a iska.

"Ba wai a rubuta a nan ba ne, in an tashi aiki a aika wa Yola kwafi," in ji shi. "Wannan kowa zai iya. Nawa, in kin danna, Mubi za ta rubuta, ta miƙa wa Yola, ta tsaya. Sai Yola ta rubuta ta ce na karɓa, sannan allo ya ce miki an ajiye. Kafin nan ba a ajiye ba, ko da kina kallon rubutun da idonki."

"To Kawu, in Yola ba ta amsa ba fa?"

"Ranar ce ake rufe mini kwano."

A ƙasan allon kowace kwamfuta akwai wani ɗan ɗigo mai canza launi, wanda shi kaɗai ya damu da shi a duk asibitin. Kore, ɗakunan biyu sun daidaita, abin da ke nan shi ke can. Ja, sun rabu, wayar da ke haɗa su ta yanke a wani wuri, Mubi na rubutu ita kaɗai, Yola na zaune da tsohon labari. Ruwan ɗorawa kuma, waya ta dawo, Yola na bin sawu, ana cike mata abin da ya wuce ta. Mubi ce babba a tsarinsa, ko da yake reshen Yola ya fi mutane, don ya ce abin da yake reno ba zai zauna nesa da idonsa ba. Ma'aikatan Yola ma, abin da suka buga sai ya fara zuwa Mubi. In aka rabu, su koma takarda su jira.

Akwai hali na huɗu da ba ya son ambata, sau ɗaya na ji shi a bakinsa. Shi ne ranar da kowane ɗaki zai ɗauka ɗayan ya mutu, shi ne babba yanzu, kowa ya yi ta rubuta nasa. Na ce ai sai a haɗa su daga baya. Ya tsame hannunsa daga kwano ya dube ni. Ya ce, "Ba a haɗa su. Ɗaya ake shafewa da ɗaya." Ban gane dalili ba, na ga dai ya daina cin abincin, sai na canza magana.

Mutumin da ya hana asibiti guda ajiye komai a wuri ɗaya, tabaraunsa ɗaya ne tak, kuma kullum a ɓace yake. An tsince shi a masallaci, an tsince shi cikin buhun gyaɗa, an taɓa tsintarsa a goshinsa bayan ya tada gidan duka. Dada takan ce masa, "Kai yaron nan, ka aika ɗaya Yola mana." Yaron nan take ce masa har ya yi furfura, don ita ta goya shi, ita ta riƙa tsallakar da shi mayo, wato rafi, a bayanta in za su gona. Ita kaɗai ce za ta ce ya ajiye waya ya ajiye. Ko ita ɗin ma, kife wayar yake yi a cinyarsa, yana ɗaga gefenta a sace kamar mai leƙen tukunya.

Faɗansa da Likita kuwa duk asibitin ya shaida. Likita mutum ne mai gaggawa, irin wanda ke fara rubuta magani kafin majinyaci ya gama zama. Wannan ɗan jiran da allo ke yi kafin Yola ta amsa, wanda bai fi a ja numfashi a sauke ba, shi a wurinsa shekara ne. Wata ranar kasuwa layi ya kai har bakin titi, ga masu dabbobi daga Uba, ga matan ƙauye da yara, sai waya ta yanke. A lokacin Kawu ya saita abin ne yadda in Yola ba ta amsa ba, ba a rubuta komai gaba ɗaya. Likita ya fito da farar rigarsa a hannu ya nufi ɗakin sanyi, ni ina biye da shi ina ba shi haƙuri.

"Malam, asibiti nake buɗewa ko ofishin jiran Yola?"

"Likita, abin da ba a ajiye a wuri biyu ba, ni a wurina ba a ajiye shi ba."

"Mace tana zubar da jini a ɗakina, kana gaya mini wuri biyu?"

Kawu ya dube shi. Na ga kunnuwansa sun motsa, alamar ransa ya ɓaci ke nan. Sun jima ba sa magana, ni ce mai kai gaisuwar wannan ga wancan, ina ƙara mata gishiri a hanya. Daga baya kowa ya sassauta. Kawu ya yarda in waya ta yanke Mubi ta ci gaba da rubutu ita kaɗai, a cike wa Yola in an dawo. Likita ya yarda ɗan jiran nan ya zauna. Bai daina tsaki ba, amma ya daina zuwa ɗakin sanyi. Ban taɓa jin ɗayansu ya ce wa ɗaya ka yi gaskiya ba.

Babban abokin Kawu a asibitin shi ne Baba mai janareta, wani dattijo Kirista daga wajen Gude. Ɗakin sanyi yana da ɗan injinsa daban, tunda wuta a unguwarmu baƙuwa ce. Wata rana Baba ya bar injin yana aiki ya tsallaka sayen goro, wani tsumma ya kama da wuta, Allah ya taimaka aka gani da wuri. Mai asibitin ya ce ya kwashe kayansa. Kawu ya shiga ya ce shi ya aike shi, alhali kowa ya san Kawu ba ya cin goro. Baba ya tsira da aikinsa. Daga nan Kawu ya kafa masa doka: ko me ake ciki, kada ya bar inji yana aiki ba mutum a kusa. In dole ne ya tafi, ya kashe, batir zai riƙe na ɗan lokaci. Don kada dokar ta zama zalunci, duk Lahadi da safe Kawu ne ke zama a kan benci kusa da injin, da jaridarsa, har Baba ya dawo daga coci. Ranar Juma'a Baba ya rama masa. Shekara da shekaru haka suke yi, ban taɓa jin sun kira abin da wani suna ba.

A Yola kuma akwai Injiniya, wata matashiya da Kawu ya koya wa aikin, ita ke kula da ɗakin can. Ita ma ya ba ta doka, a gabana ya maimaita mata a waya. "In Mubi ta yi shiru, ki kira ni. In na ɗauka, ki yi abin da na ce. In ni ma na yi shiru, to abin da ya same mu wancan karon ya dawo. Ki tada Yola ta zama babba, kada ki tsaya neman kowa." Ya sha roƙon a sayi wata ƙaramar na'ura ta uku, a ajiye ta a wani gari daban, ta zama shaida tsakanin ɗakunan biyu, ita za ta faɗi wanda ya mutu da wanda waya ce kawai ta yanke masa. Kullum ana ce masa sai an ɗan samu sarari. Ya gaji da roƙo ya ce ba komai, shi ne shaidar.

Hawan jini ne ya kwantar da shi. Jiri ya ɗebe shi a bakin masallaci aka kawo shi wurinmu, Likita da kansa ya karɓe shi, ya yi masa faɗa kamar ƙaninsa. Washegari da safe ya warware, har yana tambayata launin ɗigon. Na ce kore, ya lumshe ido. Ni ke bakin aiki, na rubuta bayanin safe, na wuce ɗakin mata. Kafin azahar aka kira ni da gudu. Abin da ya biyo baya a gutsure nake tuna shi. Na san na riƙe ƙafarsa, na san Likita ya daɗe yana danna ƙirjinsa bayan kowa ya san an gama. Ban koma kan kwamfuta ba. Na bi gawar zuwa gida.

Aka sa jana'iza bayan la'asar, kuma duk wanda ke iya barin asibitin ya bari. Baba mai janareta ya tsaya a gaban injinsa yana kuka. Mai zama masa a benci shi ne za a kai makabarta. Ya kashe injin, ya kulle, ya bi mutane, ya tsaya daga gefe har aka gama sallah, ya sa hannu wajen rufe kabarin. Batir ya riƙe iya ƙarfinsa ya mutu.

A Yola Injiniya ta ga Mubi ta ɓace. Ta kira Kawu. Wayar tana ƙarƙashin filon matarsa, a kashe, don ta kasa jure jin ƙararta. Injiniya ta kira, ta sake kira, sannan ta yi abin da aka ce ta yi. Ta yanke hanyar da ke tsakanin ɗakunan, ta tada Yola, reshen can ya ci gaba da aiki a kan nasu akwatunan. Sai daga baya labarin rasuwar ya iske ta. Ta ɗauka ɗakin Mubi zai zauna a kashe har ta zo, saƙon gargaɗin cewa kada a kunna shi kuwa, tun kafin ta ji labarin ta tura shi inda ta saba tura kowane saƙo, wato wayar Kawu.

Washegari da sassafe Baba ya tada injinsa kamar kullum. Akwatunan Mubi suka farka, ba wanda ya gaya musu an yi sabon babba. Na leƙa asibitin da hantsi don in rufe fayil ɗin Kawu. Na buga lokacin rasuwa, na buga abin da Likita ya ce, allo ya ce an ajiye nan take, na tashi na koma gidan makoki. Ko ɗigon ban kalla ba. Wa ke kallonsa dama in ba shi ba?

Ana gobe sadakar uku, muna zaune da Dada da wasu mata, wayata ta yi ƙara. Hannuna da ruwa, sai na buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji, na ajiye ta a tabarma. Mai gwajin jini ne daga Yola, can muke aika gwaje-gwajenmu.

"Sista, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Kawu, wallahi mun ji abin nan. Allah ya sa ya huta."

Na ce amin, na gode.

"To, ki yi haƙuri da aiki a irin wannan lokaci. Akwai wani majinyacinku, sakamakonsa ya fito." Sai ya karanto cikakken sunan Kawu, sunan yanka da na mahaifinsu. "Ki gaya wa Likita ƙodarsa lafiya lau. Na ga ma an rubuta yana samun sauƙi, Allah ya ƙara masa lafiya."

Bawan Allah bai yi laifi ba. Daga Mubi har Yola Kawu kowa ke ce masa, har mai asibitin. Ya yi wa Kawu addu'ar rahama, ya yi wa mai wancan sunan addu'ar lafiya, bai san mutum ɗaya ba ne.  Wata mata ta fara salati. Dada ta daina jan carbi ta ce, "Me ya ce? A Yola yana da sauƙi?"

Ranar sadakar uku Injiniya ta iso. Ta gaida Dada, ta gaida matar Kawu, ta ja ni muka tafi asibiti. Tun daga ƙofar baya da ta ji ƙarar inji ta tsaya cak. Ta buɗe ɗakin sanyi, ta ga fitilu suna ta ƙyaftawa, ta zauna a ƙasa da kayanta na gaisuwa.

"Tun yaushe yake kunne?"

Baba, da ya biyo mu da hularsa a hannu, ya ce, "Tun washegari, 'yata. Wuta bai zo ba, na tada shi. Ranar jana'iza ne kawai na kashe. Kawu ya ce kar na bar inji shi kaɗai. Jana'iza kuma na Kawu ne. Wanne zan bari?"

"Na kira shi, Baba," in ji ta. "Na kira shi har wayata ta yi zafi."

Na tsaya tsakaninsu ina neman wanda zan ji haushinsa, ban samu ba. Kowannensu maganar Kawu ya bi, ba ragi ba ƙari. Shi kansa Kawun na so in ji haushinsa, da ya tsara komai har da gobara da gudun hijira, bai tsara ranar da za a tafi binne shi ba. Wannan ma na kasa.

Injiniya ta yi wa Likita bayani a tsaye. Ɗakunan biyu sun kwana biyu kowa yana rubuta nasa, dole a shafe ɗaya da ɗaya. Yola ta yi tiyata a kwanakin, ta karɓi haihuwa, ga sakamakon gwaje-gwaje. Mubi kuwa rabinmu muna gidan makoki, abin da muka rubuta kaɗan ne. Ba a daɗe ana shawara ba. Ta fitar mana da namu a takarda, ta mai da Yola babba, ta sa aka shafe Mubi da abin da ke can. Ɗigon ya wuni yana ruwan ɗorawa, wannan karon Mubi ce ke bin sawu. Da ya koma kore, Kawu ya tashi har a Mubi. Gadonsa a cike a allo, sunansa a jerin masu karɓar maganin safe.

Kowa ya sake buga abin da ya rubuta a kwanakin, da sunansa da lambar sirrinsa, don haka tsarin yake, wanda ya gani shi ke rubutawa. Kafin a tashi aiki kowa ya gama nasa. Saura layi ɗaya, nawa.

A gida Dada ta kira ni ɗakinta. Na fara yi mata bayanin ɗakuna biyu da waya da inji, ta ɗaga mini hannu.

"Ba hauka nake ba. Na san inda aka kai shi, a gabana aka fita da shi. Amma in akwai wuri guda a duniya da aka ce yaron nan yana samun sauƙi, me ya tsone muku ido? Abinci yake ci muku?"

"Dada, gado ne. A rubuce yana kan gado, ba za a iya ba wani ba. Takardar shaidar rasuwa ma ba za ta fita ba."

"Ku ba wani gadon ku yi shiru. Ke dai kada ki taɓa."

Ban iya yi mata musu ba, kuma gaskiyar magana ba ita kaɗai ba ce. Na koma aiki, kullum in buɗe fayil ɗin da niyyar gamawa, in karanta bayanin safen nan, in ji wani sanyi a ƙirjina, in rufe. Na san ƙarya ce. Ni na riƙe ƙafarsa. Amma karon farko da na buga rasuwar ban san me hannuna ke yi ba, yanzu kuwa na sani, kuma sai nake jin kamar wannan karon ni zan yi abin, ba labarinsa zan bayar ba. Mai ba da magani ta gaji da tsallake sunansa kowace safiya ta zo ta same ni tana hawaye. Likita, wanda bai iya jiran allo ya ja numfashi ba, ya tsaya a bayana wata rana ya ga abin da ke buɗe, ya ce, "Sista, ba gaggawa," ya wuce. Wannan ya fi faɗa yi mini ciwo.

Sai aka kawo wani tsoho daga Bahuli da ciwon ƙirji, ɗakin maza a cike, aka kwantar da shi a gadon Kawu. Na je buga maganinsa allo ya ƙi, ya ce akwai mutum a gadon. Muka rubuta a takarda muka liƙa a jikin ƙarfen gado. Da nas ɗin da ta karɓe ni ta zo raba magani, ta duba allo, ta ɗauko na mai gadon, wato na Kawu. Har ta miƙa, ɗan tsohon ya ce ba irin wannan aka ba babansa ɗazu ba. Da na koma gida na gaya wa Dada yadda aka yi, ban ƙara komai ba, ban roƙe ta komai ba. Ta juya fuskarta bango.

Da safe ina ɗakin jinya sai ga ta a bakin ƙofa, ta sauko daga keke ita kaɗai, ita da ba ta fita ko ƙofar gida ba tun ranar. Ta ce in nuna mata wurin. Na ja mata kujera gaban kwamfuta. Dada ba ta karatun boko. Ta ƙura wa allon ido kamar za ta gane fuskarsa a ciki, sannan ta ce in karanta mata duka, kada in tsallake.

Na karanta mata da Hausa. Ya kwana lafiya. Jini ya sauka. Ba jiri, ba ciwon kai. Ya zauna da kansa. Ya sha kunu. Yana samun sauƙi.

"Sake karantawa."

Na sake.

"Wa ya rubuta?"

"Ni ce, Dada."

"Da idonki kika ga ya sha?"

"Da idona."

"Wane kunun? Na asibiti?"

"Naki. Na gyaɗar da kika aiko a fulas. Ya ce tsamiya ta yi yawa, ya shanye, ya ce in ƙara masa."

Ta rufe bakinta da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya ce ko kuka ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Ashe tun ranar abin ke cinta. An mayar mata da fulas ɗin a wanke, ta kasa tambayar kowa ko ya sha ko zubarwa aka yi.

Da ta natsu ta matso da kujerarta, ta ɗora hannu a kafaɗata, hannun ya yi nauyi. Ta ce, "Rubuta. Kada a kashe ɗan wani saboda nawa."

Na buga ranar, na buga lokacin, na buga abin da Likita ya ce. Yatsuna suna ta kuskure ina gogewa. Na danna.

"Ya isa can?" in ji Dada.

Na duba na ce ya isa.

Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ka jiƙan yaron nan, ka yalwata masa makwanci, ka sa ya tarar da Innarmu da alheri." Ta dafa tebur ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta ce in nemo mata keke, akwai masu zuwa gaisuwa, kada su tarar ba ta nan.